Kunkurun Baba: yadda muka sayi na'urar share tafkin ninƙaya sau biyu kafin mu dace

Yayata tana da ƙaramin masaukin baƙi mai ɗaki takwas, da tafkin ninƙaya a bayansa. Tafkin ne ke jawo mata baƙi, shi ne kuma ya fi komai cin ƙarfin masu aikin gidan. Dattijon da ke kula da shi, wanda kowa ke kira Baba, ya shekara goma sha ɗaya a kan wannan aiki. Kullum da sassafe sai ya haɗa doguwar sanda da kan shara da tiyo, ya nutsar da tiyon har ya cika da ruwa don kada iska ta shiga inji, ya jona shi a bakin da injin ke zuƙa, sannan ya bi ƙasan tafkin layi-layi. Ba a yi wa wannan aiki gaggawa. Da zarar hannu ya yi sauri, ƙurar da ta kwana a ƙasa sai ta tashi ta gauraye ruwan, dole a jira ta sake kwanciya. In ya gama da ƙasa ya koma bango da buroshi. Awa ɗaya da rabi ke nan, a ranar da aka yi sa'a.

Wata safiya na same shi ya jingine sandar, ya dafe ƙugu da hannu biyu, ya daɗe bai miƙe ba. Na ce, "Baba, bayan ne?" Ya ce, "Jiki magayi, ɗana. Amma kada ka gaya wa Hajiya." A ranar na gaya mata. Da yake sana'ata gyaran wuta ce da injinan ruwa, nemo na'urar da za ta karɓi wannan wahala ya faɗo a kaina. Ga yadda abin ya kasance, daga tuntuɓen farko har zuwa abin da muka gani bayan wata shida.

Tafkin da dattinsa

Tsawon tafkin mita 10, faɗinsa mita 5. Zurfinsa yana farawa daga mita 1.2 ya gangara zuwa mita 2, wato yana cin ruwa kusan lita 80,000. Faɗin ƙasansa murabba'in mita 50 ne, bangayensa huɗu in aka haɗa sun kusa kai haka. Da mun yi wannan ɗan lissafi tun farko, da mun gane cewa na'urar da ba ta hawa bango rabin aiki kawai za ta yi mana. Cikin tafkin an lulluɓe shi da ƙananan tayil masu sheƙi irin na gilashi, santsi kamar me. A kusurwa ɗaya akwai matakala huɗu da wani dakali a cikin ruwa inda yara ke zama, zurfinsa bai wuce santimita 30 ba. A tsakiyar wuri mai zurfi akwai marfin magudana mai ɗan tudu. Tace ruwan kuwa, babbar tukunyar yashi ce ke yi.

Dattin da ke faɗawa ciki iri biyu ne. Akwai ƙananan ganyaye da furanni daga wata bishiya da ke bayan katanga, akwai kuma ƙura mai laushi da iska ke kawowa, wadda ke kwana a ƙasa ta zama shimfiɗa ruwan toka. Ganyen ne ido ke gani, shi ya sa shi muka sa a gaba. Ƙurar ce kuwa ke karya wa Baba baya.

Sayen farko

Wani dare ni da Yaya muka zauna da waya muna duba hotuna da bidiyo a intanet. Muka tsaya a kan wata na'ura mai baturi, marar wayar wuta, mai sauƙin nauyi, wadda aka nuna tana hawa bango tana sauka cikin ruwa garai-garai. Sunan kamfanin ban taɓa jin sa ba, amma kuɗinta bai kai rabin na sauran ba. Yaya ta ce, "Kai ne masani, ya ka gani?" Na duba ƙarfin baturin da awannin caji, na ce mu saya. Ban tambayi irin buroshinta ba, ban tambayi girman idon rariyarta ba, ban kuma tambayi Baba komai ba.

Ranar da ta iso duk gidan ya taru a bakin tafki. Ta nutse, ta kama tafiya a hankali, Baba ya ce, "Ashe kunkuru aka sayo mana." Sunan ya bi ta, ya kuma bi wadda ta gaje ta. Ganye kam ta kwashe shi tas. Amma da ta shiga inda ƙura ta kwanta, sai muka ga wani farin hazo yana fita ta bayanta kamar hayaƙi. Tana zuƙar ƙurar ta ƙasa, tana feso ta ta sama. Kafin ta gama, ruwan da ya wayi gari a sarari ya yi dishi-dishi, washegari kuma ƙurar ta sake kwanciya inda take.

Bango kuwa, takan ɗaga gaba ta hau kamar taku biyu, tayoyinta su yi ta juyawa a wuri ɗaya, sai ta zame ta dawo. A gangaren da ke zuwa wuri mai zurfi ma takan sauka lafiya, hawowa ya gagare ta, ta ƙare baturinta a can ƙasa. Sai Baba ya ɗauko sanda mai ƙugiya ya yi ta lalube a zurfin mita biyu. Kwana tara muka ba ta. Abin da ya cece mu shi ne Yaya ba ta yar da kwali da rasit ba, wa'adin mayar da kaya kuma bai cika ba. Araha ba ta ado, haka Yaya ta faɗa lokacin da muke naɗe kwalin, amma a ganina laifin ba na arahar kaɗai ba ne. Da tafkin ƙarami ne, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, ganye kawai ke damun sa, da ta yi aikinta daidai. Mu ne muka kai ta inda ba a yi ta don shi ba.

Abin da ya kayar da ita

Na zauna na bi abin daki-daki. A cikin irin wannan na'ura akwai farfela da ke zuƙo ruwa ta ƙarƙashi, ta bi da shi ta cikin rariya, ta watsar ta sama. Wannan ruwan da ke fita da ƙarfi shi ke danne ta a jikin bango, buroshi da tayoyi ko bel su kama, ta hau. Don haka hawan bango ya rataya a kan abu uku: ƙarfin ruwan da ke ratsa ta, irin abin da ke taɓa bangon, da santsin bangon kansa. Buroshin roba mai haƙora yana kama siminti da bango mai kaushi. A kan tayil mai sheƙi kuwa zamewa yake yi, sai an sami buroshi mai soso, wanda in ya jiƙu ya yi laushi yake manne wa santsi. Tamu roba ce zalla.

Maganar rariya ta fi wannan muhimmanci, kuma ita ce masu talla suka fi saurin wucewa. Ana auna idonta da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kan mutum wajen maikuron 70 ne. Rariyar da ta zo da na'urarmu idonta 180 ne, ƙura mai laushi kuwa yawancin ƙwayoyinta ba su kai 60 ba. Ka ga ke nan ƙofa a buɗe take. Tukunyar yashi ma da girmanta abin da take iya riƙewa yana tsakanin maikuron 20 zuwa 40. To, amma ba za ka ce a ba ka mafi ƙanƙantar ido ka huta ba, domin rariya mai matsattsen ido da wuri take toshewa in ganye ya yi yawa, in ta toshe ruwa ya ragu, in ruwa ya ragu hawan bango ya tsaya. Tafkin da ke da datti iri biyu yana bukatar rariya iri biyu da za a riƙa sauyawa, ko kwando mai hawa biyu.

Kafin mu sake saye na koma baya na tambayi kaina ko ma irin wannan na'ura ce ta dace. Akwai wasu iri biyu da suka girme ta. Ɗaya ana jona ta da tiyo a bakin da injin tafki ke zuƙa, ta riƙa yawo da ƙarfin zuƙar. Shahararriya a wannan dangi ita ce Kreepy Krauly, wadda Ferdinand Chauvier ya ƙirƙiro a Afirka ta Kudu a 1974. Tana da sauƙin kuɗi da sauƙin gyara, sai dai duk abin da ta share cikin kwandon inji da tukunyar yashi yake zuwa, ba ta motsi sai babban inji yana aiki da ƙarfi, tiyonta kuma kullum yana shawagi a kan ruwan da baƙi za su shiga. Ɗayar da turin ruwa take tafiya, tana tara datti a jakarta. Gwana ce wajen manyan ganyaye, amma yawanci sai an ja mata bututu na musamman da ƙarin inji, wato sai mun fasa daɓen bakin tafki, jakarta kuma ba ta riƙe ƙura. Na ajiye su duka biyun. Mai sarrafa kanta, irin wadda muka fara saya, ba ruwanta da injin tafki, dattin da ta ɗauka a cikinta yake zama har a fito da shi daga ruwan baki ɗaya, tana kuma goge bango. Wannan muke nema.

Mako guda na awo

A wannan karon ban buɗe intanet ba sai da muka yi mako guda muna auna abin da ke gabanmu, ni da Baba.

Na roƙe shi ya riƙa tara mini abin da ya kwaso kowace safiya a bokiti. Ganyen na ware gefe. Abin da ya rage a gindin bokitin na murza tsakanin yatsu, babu ƙaiƙayin yashi ko kaɗan, laushi ne kamar hoda. Na zuba ruwan a kan farin ƙyalle mai yala-yala, ya wuce da launinsa. Wannan ya yanke maganar rariya.

Sai tsawon wayar wuta. Kwalaye sukan rubuta cewa na'ura ta dace da tafki mai tsawon kaza, amma ba su san inda soket ɗinka yake ba. Akwatin wutar na'urar ana so ya yi nisan aƙalla mita uku zuwa uku da rabi daga bakin ruwa. Da soket ɗinmu yana tsakiyar dogon gefe, daga akwatin zuwa kusurwa mafi nisa wajen mita 10 ne, a ƙara zurfin mita 2, waya mai mita 15 ta isa har da saura. Namu kuwa yana can ƙarshen tafkin ta wajen marar zurfi. Muka ɗauko igiya, Baba ya riƙe bakinta a inda akwatin zai zauna, na zagaya da ita har kusurwar ƙarshe, na ƙara zurfin. Ta kusa mita 16. Ke nan mai mita 15 ba za ta kai ba, sai mai 18. Da mun bi abin da ke jikin kwali, da kusurwoyin nan biyu sun zauna da dattinsu har abada.

Awo na uku shi na fi so a kula da shi, domin ban taɓa ganin wanda ya yi maganarsa a talla ba. Na'urori masu waya na tafki irin namu nauyinsu a bushe yakan kama daga kilo 7 zuwa 11 ko fiye. Amma ba a bushe ake ciro su ba. Suna fitowa ne cike da ruwa, mutum yana durƙushe a bakin tafki, hannu a miƙe, baya a lanƙwashe. Na zuba ruwa lita 8 a bokiti na rufe, na nutsar da shi a bakin tafkin. Na ce, "Baba, ku ɗago wannan mu gani." Ya ɗago ba wahala. Na mai da shi lita 12, ya ɗago yana cije leɓe. A lita 15 ya sake shi, ya girgiza kai ya ce, "Wannan in kullum ne, gara sandata." Nan take manyan na'urori biyu da na yi wa alama suka fita daga lissafi. Abin da zai rage wa mutum ciwon baya bai kamata ya zo masa da wani ta bayan gida ba. Muka sa sharaɗi: kada ta wuce kilo 9 a bushe, ta kasance mai saurin zubar da ruwa in an ɗago ta, kwandonta kuma ta sama ake buɗe shi, ba sai an kifar da ita ba.

Waya ko baturi

Yaya ta so mu sake gwada mai baturi, mai kyau wannan karon. Hujjarta mai ƙarfi ce: babu waya a bakin ruwa inda baƙi ke kai da komo, babu harɗewa, babu neman soket. Gaskiya ne kuma masu baturin sun ci gaba ƙwarai a 'yan shekarun nan, akwai masu hawa bango su goge bakin ruwa, su zo su tsaya a gefe in sun gama. Ga gidan da ake share tafki sau biyu a mako, ko inda wuta ke nesa, ni ma ita zan ce a saya.

Namu tafkin kullum ake share shi. Baturin litiyam yana da adadin cajin da yake ɗauka kafin ƙarfinsa ya soma ja da baya, 'yan ɗaruruwa ne, mu kuwa a shekara ɗaya za mu yi masa caji 365. A yawancinsu baturin a rufe yake ruf cikin jikin na'urar saboda ruwa, sauya shi ba aikin gida ba ne. Ga kuma kula da caji: dole bakin cajin ya bushe sarai, a yi shi a inuwa da cajar da ta zo da ita. A 2023 hukumar da ke sa ido kan lafiyar kayan masarufi a Amurka ta sanar da janye wani samfurin irin wannan na'ura daga kasuwa saboda baturinsa na iya yin zafi har ya kama wuta. A gidan da ma'aikata ke sauyawa, ba zan iya tabbatar da cewa kowa zai goge bakin caji kafin ya jona ba. Wani abu kuma da mutane ba su cika sani ba: saƙon rediyo irin na Wi-Fi da Bluetooth ba ya ratsa ruwa da nisa, don haka manhajar wayar hannu ba ta iya yi wa yawancin masu baturi magana muddin suna ƙasa. Mai waya kuwa ta cikin wayar umarni ke isa gare ta.

Muka tsaya a kan mai waya, da sharaɗin a sami mahaɗa mai juyawa a jikin wayar, wadda ke hana ta murɗewa in na'urar tana kewaye.

Wajen mai sayarwa

Sunayen da suka daɗe a wannan kasuwa sanannu ne. Akwai Dolphin na kamfanin Maytronics na Isra'ila, wanda ke wannan sana'a tun 1983, akwai Polaris da ke ƙarƙashin Fluidra na Sifaniya tun haɗewarsa da Zodiac a 2018, akwai Hayward na Amurka. A ɓangaren masu baturi kuma ana jin Aiper da Beatbot da Wybot. Suna yana da amfaninsa, amma ni abin da na je nema shi ne wanda zai sayar mini da bel da buroshi bayan shekara biyu.

Na je wurin dillalin da kamfani ya amince da shi, da takardar awonmu a hannu. Ya fara nuna mini mafi tsada, mai manhaja da taswirar tafki da fitilu. Na ce, "Malam, wanda zai yi aiki da ita maɓalli ɗaya yake so. Nuna mini kayan gyaranta tukuna." Ya shiga ciki ya fito da bel, da zoben soso, da allunan rariya, da farfela. Na tambaye shi garanti, ya ce shekara biyu, amma bai shafi abin da ke cinyewa da aiki ba, wato buroshi da bel da rariya. Na sa ya nuna mini a rubuce. Na kuma tambayi ko garantin ya shafi wurin kasuwanci, domin wasu kamfanoni sukan rage shi ko su janye in an sa na'urar gida a tafkin haya. Ya duba takardunsa, ya ce tafki mai girman namu da zagaye ɗaya a rana yana ciki, na ce ya rubuta hakan a rasit. Tambaya ta ƙarshe ita ce injin: a rufe yake, in ya mutu ba a buɗe shi a gyara, sauya shi ake yi ɗungurungum, kuma shi ne ya fi komai tsada a jikinta. Ya tabbatar mini suna kawo shi.

Wadda muka ɗauka matsakaiciya ce. Waya mita 18 mai mahaɗa mai juyawa, bel irin na katafila maimakon tayoyi, buroshin roba da zoben soso a gefe da gefe, kwando mai buɗewa ta sama da allunan rariya kashi biyu, zagayen awa biyu, da ɗan keken tura ta. Ba ta da manhaja. Dillalin ya yarda a gwada ta a tafkinmu kafin a cika kuɗi, kuma ba don haka ba da ban saya ba.

Wutar na yi da hannuna. Abin da ke shiga ruwa ta wayar bai wuce volt 30 ba, amma akwatin da ke rage wutar a cikakkiyar wutar gida yake jone. Na sa wa soket ɗin makatsin wuta mai kare rai, irin wanda ke yankewa da zarar yoyon wuta ya kai miliyamfiya 30, na yi wa akwatin 'yar rumfa, na hana ƙarin waya. Doka ɗaya muka rubuta a bango: in kunkuru yana ciki, babu mai shiga ruwa.

Bayan wata shida

Gwajin farko ma da ƙyar ta hau, gabana ya faɗi. Na shafa bangon da tafin hannu a ƙarƙashin ruwa, na ji yauƙi. Gansakuka ce ta soma kamawa, ido bai kai ga ganin ta ba. Na'ura ba ta kashe gansakuka, aikin kulorin ne. Muka fitar da ita, muka zuba magani mai yawa, Baba ya goge bangon, muka jira kwana biyu har kulorin ya sauko, domin littafinta ya ce kada a sa ta a ruwan da ya haura kashi 4 cikin miliyan, awon tsamin ruwa kuma ya tsaya tsakanin 7.0 da 7.8. A gwaji na biyu Baba ya matsa sosonta cikin ruwa har ya yi laushi, ya karkata ta hagu da dama har kumfar iska ta daina fita, ya sake ta. Ta nutse, ta ratsa ƙasa, ta kama bango, ta yi ta hawa har bakinta ya leƙo sama tana gurzar layin maiƙon da ke bakin ruwa. Babu hazo a bayanta. Da ya buɗe kwandon, allunan rariyar sun yi dumu-dumu da laka ruwan toka, ya lakato da yatsa ya nuna wa Yaya ya ce, "Hajiya, ga abokin faɗana."

Yanzu yakan sa ta da asuba ya tafi wasu ayyukan. Nasa aikin a tafkin ya dawo kamar minti ashirin da biyar: kwashe ganyen da ke yawo a sama da raga, domin ita ƙasa da bango ta sani, goge matakala da dakalin yara, waɗanda ba ta iya hawa saboda ƙarancin zurfi, sai wanke rariya da tiyo. Ranakun iska mai ganye yakan sa rariya mai faɗin ido, sauran ranaku mai matsattse. Wankin tukunyar yashi da muke yi duk mako ya koma kusan duk mako uku, ruwan da ake zubarwa da maganin da ke bin sa sun ragu. Wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba: wat 180 a awa biyu bai kai rabin kilowat-awa ba, alhali da can sai an bar babban inji mai fiye da wat 1,000 yana aiki duk tsawon sharar hannu.

Matsaloli ba su rasa ba. A makon farko sau uku tana ɗarewa kan marfin magudana, bel yana juyawa a banza. Dillalin ya ba mu wani zoben roba mai gangare da ake kewaye marfin da shi, abin ya wuce. Wayar, duk da mahaɗarta, takan soma nannaɗewa, sai Baba ya gano cewa in ya zuba iya wadda ake bukata a ruwa, ya kuma miƙar da ita a ƙasa ta sha ɗumi na ɗan lokaci duk bayan mako biyu, takan saki. A wata na huɗu ta daina hawa bango gaba ɗaya. Yaya ta kira ni hankali a tashe, tana cewa an sake cutar mu. Na cire wuta, na buɗe marfin farfela, na tarar da gashi da zaren ɗaure kai sun naɗe ta tam. Allunan rariyar ma, ko da yake a ido tas suke, man shafawar masu iyo ya toshe idanunsu, ruwa ba ya wucewa sai da ƙyar. Na jiƙa su a ruwan sabulu mai yanke maiƙo, na warware farfelar, ta koma aiki. Tun daga nan duba farfela ya shiga aikin ƙarshen mako.

Abu ɗaya muka sha fama da Baba a kai. Ya fi son ya bar ta cikin ruwa ta kwana don ya huta da ɗagowa. Ruwa mai kulorin yana cin roba da maƙallan da ke hana ruwa shiga inji, rana kuma tana busar da jikinta in an bar ta a fili. Na ce, "Baba, ku jawo ta da wayar a hankali har ta zo hannu, amma kada ku ɗaga ta da wayar. Ku kama mariƙin, ku tsayar da ita a baki ta tsiyaye, sannan ku ɗora a keke." Da ya saba da tsayawar nan ta 'yan daƙiƙu, nauyin ya daina damun sa.

Zoben soson ya fara cinyewa, gefensa ya yi ƙwal, na riga na karɓo sabo tare da bel guda biyu na ajiya. Matakala da dakalin yara har yanzu da hannu ake yin su, kuma nan ne Baba ke sunkuyawa. Na auna tsayin matakalar jiya, ina neman ƙaramin buroshi mai lanƙwasasshen wuya da zai shiga sandarsa, yadda zai goge su a tsaye.